Ruhewar Kawu Nomau

Na sha jin ku kuna gaya wa 'ya'yanku wai korata aka yi daga aikin gwamnati tun ban fara ba. Masu kara daga cikinku kuma suna cewa a'a, tausayin wani tsoho ne ya sa na bari. Duka biyun ba haka ba ne, kuma na gaji da gyaɗa kai ina murmushi. Tunda ƙafa ta ƙi kai ni ko'ina, bari in zauna in faɗa muku yadda abin ya kasance, wanda ya ga dama ya yarda.

Makarantar da na yi a Sakkwato ta koyon sana'a ce, mutane na ce mata makarantar kiraf, kuma kafinta na koya. Ni kuwa tun ina yaro akwai ni da tambaya har a gaji da ni. Wata rana na tsare Baturen da ke koya mana, wani dogo mai jan wuya wanda zufa ba ta barin sa, na ce ya gaya mini abin da kalmar nan tasu ta kiraf take nufi. Ya ajiye zarto ya ce a bakin kakanninsa na can da, ƙarfi kawai take nufi, ƙarfin damtse. Da tafiya ta yi tafiya sai ta koma iya yin abu, daga nan ta zama sunan duk sana'ar da mutum ke ci da hannunsa, har da jama'ar masu yin ta. Ya ce jirgin ruwa ma suna kiran sa da ita, kuma in mutum ya cika wayo, daga jikinta suke ciro abin da za su zage shi da shi. Na yi dariya na ce lallai Turawa akwai rowar kalma. Mu ƙarfi daban, gwaninta daban, sana'a daban, dabara daban, ba ma cusa su ɗaki ɗaya. Ya ce to, in ci gaba da aiki dai. Ya ɗauki zartonsa, ni ma na koma kan katakona.

Na gama a shekarar da ta bi samun mulkin kai, lokacin da kowane ofis ke neman ɗan ƙasa ya zauna inda Bature ya tashi. Aka ce ni za a riƙe in koyar da sababbin shiga, da albashi da ɗaki. Aka ba ni hutu in zo Illela in kintsa, aka faɗa mini ranar komawa, aka kuma ja mini kunne cewa akwai mai jiran wurin in na makara. Kakanku Alhaji, wanda muke kira Baba, ba a iya taɓa shi don murna. Falke ne, hatsi da goro yake kaiwa Kwanni da ƙasar Adar, ya dawo da kanwa da dabbobi. A duk layin 'yan kasuwa shi kaɗai ya kama hannun ɗansa ya kai boko da kansa, ba dogari ya zo ya ɗauka ba, kuma ya sha magana a kai. Akwai malaman da suka daina zama zaurensa. Akwai wanda ya ce masa a bainar jama'a ya sayar da ɗa. Don haka da labarin aikin ya zo, ko mai raƙumin da ya tsaya neman ruwan sha sai an gaya masa Garba ya zama malamin gwamnati. Uwarku Hajo tana amarya lokacin, ta riga ta fara ɗaure kwanukanta a tsumma.

A shekarar an yi damina mai albarka, gero ya yi arha, Baba ya saya har babu wurin zubawa. Sai ya ce ruhewa yake so, wadda babu irinta daga nan har Kwanni. Ku da kuka tashi da sito na siminti ba ku san ruhewa ba sai kufanta. Rumbu ne na ƙasa zalla, kamar tulu amma ya fi ɗaki tsawo, a kan duwatsu yake zaune don gara da danshi. Ba shi da ginshiƙi, ba shi da ƙofa, bangonsa bai wuce kaurin tafin hannu ba, bakinsa na can sama. Daga ciki ake gina shi, zagaye bisa zagaye, a bar na yau ya sha iska kafin a ɗora na gobe. Magini na tsaye ne kan sanduna da ake gittawa a jikin bangon, daga waje ana jefo masa curin laka yana cafewa. In an kai kafaɗa sai bango ya fara rusunowa ciki, ba abin da ke riƙe da shi sai shi kansa, har ya tsuke ya bar baki daidai fitar mutum. A ƙasarmu kuwa in aka ce ruhewa, to an ce Kawu Nomau, wan Inna, mutumin Lafani. Na iso gida na tarar ya kai ginin tsawon mutum da rabi.

Kwana biyu da zuwana ya aiko a kira ni.

"Kai malamin katako," in ji shi daga can sama, "taho ka duba mini sandunan ga, in dai ilimin naka ya kai nan."

Na hau tsani na sauka ciki. Sandunan sun tsufa, wasu gara ta ci. Na sake masa su da sababbi, na yi musu ƙwarmi suka hau juna suka zauna daram. Ya taka ɗaya, ya yi ɗan tsalle a kai, ya ce tun da yake gini bai taɓa tsayawa kan abin da bai yi masa ƙara ba sai yau. Na ji daɗi ƙwarai, sai na zauna gefe ina kallon aikinsa. A nan na lura ba ya barin a jefo laka sai ya ce a jefo, kuma mai jifan dole ya amsa da ƙarfi kafin ya saki. Na ɗauka tsarinsa ne. Sai da ya nemi ruwa. Ƙwaryar tana gabansa, rana na haskawa a cikinta, ya miƙa hannu ya wuce ta da kusan kamu guda, ya dawo yana lalube. Na tura ƙwaryar ta taɓa yatsunsa.

"Mi kag gani?" ya ce, murya ƙasa.

"Kawu, ba ka gani."

"Ina gane haske da duhu. Rana in ta hito na sani. Sauran kuwa tun bara sunka tahi."

"Inna ta sani?"

"Uwarka ta san komi, ba ta dai hwaɗi."

Ya kamata a ce tsoro ne ya kama ni, ko tausayi. Sun zo, amma ba su daɗe ba, don abin da na gani bayan nan ya kore su. Ya sauka ƙasan ruhewar ya tsaya tsakiya, ya ce in yi shiru. Ya yi gyaran murya sau ɗaya, ya karkata kai yana saurare. Ya juya kaɗan ya sake. Sai ya hau sanda ya nufi wani wuri ta gabas kai tsaye, ya sa hannu ɗaya ciki ɗaya waje, ya bi bangon yana matsawa a hankali kamar mai lallashin jinjiri, har wani ɗan kumburi da ni mai ido ban lura da shi ba ya kwanta. Yana tafiya da baya yana ɗora laka, babban yatsansa na barin layi iri ɗaya a kowane zagaye. Kuncinsa yake kusantarwa ga bango ya ji inda ya bushe da inda yake da sauran sanyi. Laka in ta iso sai ya taɓa ta da harshe, ya ce a ƙara ramno, wato ciyawar da ake yankawa a cuɗa a ciki, ko ya ce a bar ta ta ƙara kwana. Tsoho ne siriri, amma curin da nake ɗauka da hannu biyu shi da ɗaya yake karɓa. Na kama kaina ina tasbihi ba tare da na yi niyya ba. Abubuwan nan da na ce wa Bature kowanne daban yake, ga su a jikin mutum ɗaya, ban iya cewa ga inda ƙarfi ya ƙare dabara ta fara ba. Na fito da la'asar ban ci abincin rana ba, kuma ban sani ba.

Daga ranar kullum ina ciki. Ni nake cafe laka in sa masa a hannu, ni nake gaya masa inda zai sa ƙafa. Mutanen gida suka ɗauka zaman hutu ne ya ishe ni. Amma ranar komawata tana matsowa, ginin kuwa bai kai kafaɗa ba, ga bazara ta yi nisa, da yamma gajimare na taruwa ta gabas yana watsewa. Ruhewa in ruwa ya same ta baki buɗe, narkewa take yi ta koma tudu. Na rasa yadda zan yi, sai na tafi zaure bayan Baba ya sallami baƙi, na durƙusa.

"Baba, ina son in tsaya har a rufe ruhewa."

"Mi kac ce?"

Na maimaita.

"Shekara nawa ana yi mini dariya garin ga saboda kai? Yanzu da Allah Ya kawo ranar da za ni ɗaga kai, kai kuma laka za ka kwaɓa? Nomau ya rasa masu miƙa mai ƙasa?"

Ban gaya masa dalilina ba, don sirrin ba nawa ba ne. Ashe Kawu yana bakin zaure, dafe da bango. Ya yi sallama ya shigo ya zauna.

"Alhaji, kada ka ga laihin yaro. Ni na ɓoye maka. Idona ya tahi."

Baba ya yi salati, ya daɗe yana kallon sa. Mutum ne mai zafi amma ba mugu ba, kada wani ya gaya muku akasin haka. Ya ce Kawu ya sauko, ya yafe aikin, kwanon rufi zai sayo ya yi sito, kuma Kawu ya zauna gidan nan ya ci ya sha har ƙarshen ransa. Kawu ya yi godiya ya ce bai taɓa barin ruhewa baki buɗe ba, a bar shi ya rufe wannan. Baba ya ce in ta rufto masa fa, da wane ido zai dubi mutanen Lafani? Sai muryar Inna ta fito daga bayan ƙofar cikin gida. Ban taɓa jin ta sa baki a maganar zaure ba sai ranar.

"Alhaji, ka bar shi. In kas sauko da shi yanzu, ka sauko da shi ke nan har abada."

Baba ya yarda, amma da sharaɗi: za a nemo wanda zai tsaya da Kawu a ciki, ni kuwa ranar kasuwa zan hau mota. Sai dai kafin gari ya waye labari ya zaga. Masu kwaɓa laka suka ce daga waje za su yi komai, amma babu mai shiga ƙarƙashin rufin da makaho ya ɗora. Kawu ya ce ba komai, a ɗaura masa guga da igiya, zai jawo lakarsa da kansa. Ya kira ni gefe.

"Tahi aikinka, Garba. Ni ban roƙe ka ba, kuma ba ni roƙon ka. Ubanka ya wahala kanka."

To ku ji da kyau, don nan ne kuke kuskure. Ba wanda ya riƙe ni. Ranar kasuwa da safe na sa rigata ta birni da takalma, an kai kayan uwarku tasha, Baba ya riga mu can yana karɓar gaisuwa. Na ce bari in leƙa in yi wa Kawu sallama. Na hau tsani na duba ciki. Ya fara kafaɗa shi kaɗai. Zagayen farko ya rusuno ciki, laka ɗanya tana rataye a kan iska, ba abin da ke ƙarƙashinta, kuma ta tsaya. Yana can yana bin ta da yatsu, yana wani ɗan gunguni a maƙogwaro, fuskarsa a sake kamar wanda ya idar da salla. Na tsaya ina kallo, na san in na sauka tsanin nan ta waje, wannan abu ba zan ƙara ganin sa ba, kuma ba wanda zai san yadda aka yi shi. Ba tausayi ba ne, 'ya'yana. Kwaɗayi ne. So nake hannuna ya san abin da hannun nan ya sani, kuma son ya fi ƙarfina. Na tuɓe riga da takalma na rataye a kan tsani, na sauka ciki. Ya ji motsina ya tsaya, sannan ya miƙo hannu na sa masa laka. Muna cikin haka na ji ƙahon mota daga tasha, ta yi ta busawa, ta gaji ta tafi.

Uwarku ta dawo bayan masu ɗauke da kayanta, ta tsaya gindin ruhewa.

"Na riga na yi bankwana da kowa," ta ce. "Yanzu da wane baki zan koma in ce ina nan?"

Ban iya fitowa na dube ta ba sai da yamma.

Sauran aikin ba zan iya kwatanta muku shi yadda ya kamata ba. Kullum sararin da ke samanmu yana raguwa, ciki yana ƙara duhu da sanyi, murya tana dawowa mutum daga ko'ina. Da duhun ya yi yawa ni ma idona ya daina amfani sosai, sai Kawu ya kama hannuwana ya ɗora bisa nasa, muka riƙa tafiya da baya tare. Daga baya ya sa nasa bisa nawa. Zagayen wuya na ƙarshe ni na ɗora su, shi yana bi a baya yana shafawa, wani wuri ya ce a sake, wani wuri ya yi shiru, shirun nan kuwa shi ne yabonsa. Al'adar magina ita ce mai gini ne ke fitowa ƙarshe. Na fita ta bakin na zauna kan tsani, na kama damtsensa na jawo shi. Ga rufin gidajen Illela duk a ƙasanmu, ga ayarin raƙuma can a hanyar Kwanni, ga mutane cike da tsakar gida sun ɗaga kai. Ya shafa leɓen bakin ya gyara shi da ruwa.

"Gaya mini yadda take," ya ce.

"Kawu, ta yi."

"Na san ta yi. Launinta nike tambaya."

Na ce ja ce, irin jan sabuwar tukunya, kuma inda rana ta bugi kafaɗarta har sheƙi take. Ya gyaɗa kai ya ce a miƙo murfin ciyawa. Ba a yi mako ba ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ya bi jikinta ya gangare.

Yanzu ga abin da ta ci mini, don kada ku ce na ɓoye. Wurina aka ba wani abokin karatuna, mutumin kirki, ya yi aikinsa har ya yi ritaya da fansho da gida a Sakkwato. Uwarku ta kwance kwanukanta, ba ta taɓa zama birni ba, kuma har ta koma ga Allah takan tuna mini in ranta ya ɓaci, ni kuwa ba na musu don tana da gaskiya. Sana'ar da na zaɓa ma ba ta daɗe tana ci ba, kwano da siminti suka zo suka ture ta. Manyanku sun san shekarun da aka sha kunu ba sukari a gidan nan. Amma duk wannan bai kai shirun Baba zafi ba. Tun ranar motar bai ƙara kiran sunana ba. In na gaishe shi ya amsa a taƙaice yana kallon wani wuri. In yana da saƙo sai ya ba Inna. Aka cika ruhewar da dammunan gero yana tsaye yana ba da umurni, bai ɗaga kai ya dube ta ba ko sau ɗaya. Baƙi na zuwa kallo har daga Amarawa da Kwanni, sai ya ce yaran gida su kai su. Ina zama can ƙarshen zaure wajen takalma, in tashi ba wanda ya ce mini zauna.

Kawu bai ƙara taɓa laka ba. Daminar nan kaf muna zaune a ɗakinsa yana gaya mini ƙasar da ke gini da wadda ba ta yi, da yadda ake zaɓen dutsen gindi. Ana gab da yankan gero zazzaɓi ya kama shi, bai tashi ba.

Bayan kaka, wata safiya, wani manomi daga Araba ya yi sallama a zaure. Ina wurina na kullum. Ya gaisa da Baba, ya ce ya ga ruhewar daga hanya, shi ma ya samu hatsi bana, magini yake nema.

"Magini ya rasu," in ji Baba.

Mutumin ya yi ta'aziyya, ya yi addu'a, ya miƙe ya zo kusa da ni yana neman takalmansa. Na tura masa su. Baba yana jan carbi, kansa a sunkuye. Mutumin ya sa ƙafa ɗaya waje.

"Dakata," Baba ya ce. "Akwai ɗana. Shi yar rufe wagga."

Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Garba, tashi ka bi bawan Allah. Ka gina mai irin tawa."

Na tashi na shiga cikin gida in ce wa uwarku ta ɗaura mini guzuri. Na tsaya gabanta, ta dubi fuskata, ta ɗebo ruwa ta ba ni na sha, sannan na gaya mata Baba ya kira sunana.